Luguden da Ya Hau Fiyano

Jiya na ga an yar da wani tsohon fiyano a bakin titi a unguwar Soundview, ruwan sama yana dukansa, sai wani dattijo da nake kira Baba ya faɗo mini a rai. Mutumin ƙasar Kuba ne, makaɗin fiyano, ni kuma nake kula da shi a gidansa da tsufa ya kama shi. Ya iya kiɗan Turawa sarai, amma duk abin da ya tsara, daga gangunan ƙasarsu ya ɗauko shi. Yakan ce kiɗan da ba shi da ƙasa maraya ne.

Wata rana ina dafa masa kofinsa mai ɗaci, ya ce in yi masa kiɗan garinmu. Kunya ta sa na ce na manta. Ya rufe fiyanon, ya ce ba zai buɗe ba sai na tuna. Da shirun gidan ya ishe ni, na ɗauki cokula biyu na buga masa luguden da iyayenmu mata suke yi a turmi. Ya buɗe, ya bi ni da hannun hagu.

Ya ce, "'Yata, ai wannan namu ne."

Allah ya ba shi hutawa, ya kai shi inda ba a rufe fiyano.