Magen Uwaliya da Sadakar Koko

Duk wanda ya taɓa sayen man gyada a bayan kasuwar Gwarzo ya san Inna Uwaliya mai ƙuli. 'Yar Kabo ce, aure ya kawo ta, ta kuma shekara talatin da biyar tana tuya a tsakar gida ɗaya. Gajera ce kakkaura, damtsenta ya yi tauri saboda matsar tunkuza. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce za ta yi abu, to ka je ka kwanta, an gama. Aibinta ɗaya ne, in har aibi ne: kunya. Matar da ke cicciɓar buhun gyada ita kaɗai ba ta iya duban idon dangin miji ta ce a'a.

Mijinta, Malam Datti tela, ciwon suga ne ajalinsa. Shekara shida tana jinyarsa, har ta zama rabin likita. Ta iya allurar insulin, ta iya karanta lambar da na'urar gwaji ke nunawa, ta san yadda ake binne kwalbar maganin a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, tun da wutar garin ba abin dogaro ba ce. Abin da ya gagare ta shi ne masu dubiya, musamman ƙanwarsa Hajiya Furera, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Hajiya na son yayanta kamar ranta. Kullum sai ta shigo da kwanon fura mai suga a ƙarƙashin mayafi, ta lallaɓa shi ya sha, wai kurɓi ɗaya ba ya kisa. Uwaliya tana gani, sai ta sunkuyar da kai ta koma bakin murhu. Aka yanke wa Malam ƙafa, bai cika shekara ba ya rasu. Ya bar mata keken ɗinki, da na'urar gwaji, da mage.

Magen sunanta Toka, saboda launinta. Malam ne ya tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a bayan shagonsa, ta girma a kan tarin ƙyallaye. Tun da ta kawo ƙarfi ɓera bai ƙara huda buhun gyada a gidan ba. Bayan rasuwar, da 'ya'ya suka koma gidajensu, da ita Uwaliya ke hira in tana ɓarar gyada. Ba ta taɓa jin kunyar faɗa ba: tana son dabbar nan.

Shekara huɗu bayan haka Toka ta fara ramewa. Ga ci kamar gara, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma ƙashin baya duk ya fito. Sai ƙurji ya fito mata a wuya. Likitan dabbobin garin, mutumin kirki, ya yi mata allura, ƙurjin ya bushe. Bayan sati uku wani ya ɓullo a kunne. Aka kashe wannan, sai dasashi ya kumbura, baki na wari. Rannan da safe Uwaliya na shara ta iske kiyashi ya yi dafifi a kan yashin da magen ke fitsari. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake. Haka kiyashi ya riƙa bin fitsarin Malam kafin a gane ciwonsa.

Ta koma wurin likitan ta gaya masa magenta suga gare ta. Bai yi mata dariya ba. Ya ce yana yiwuwa, amma shi gaskiya aikinsa shanu ne da tumaki da awaki, ba shi da kayan auna wannan. Ya kwatanta mata wata Dakta Linda a Kano, mai duba karnuka da maguna, 'yar Malam Dalyop mutumin Filato da ya daɗe yana koyarwa a firamare a nan Gwarzo.

Washegari Uwaliya ta sa Toka a kwandon kaji, ta rufe da tsohon zane, ta nufi tasha. Mota ba ta kai mararrabar Kabo ba magen ta tona asiri da kuka. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce duniya ta zo ƙarshe, mutane na neman magani ana kai mage asibiti. Uwaliya ta gyara kwandon a cinyarta ta ce shekara tara magen na gadin dukiyarta ba albashi ba hutu, in akwai mai gadin da ya kai ta amana a cikin motar nan ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga.

Dakta Linda na ganinta ta miƙe ta rusuna. Ashe tana yarinya a gidan Uwaliya take sayen ƙuli in an tashi tara a makaranta. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Gwarzo, aka yi ta'aziyyar Malam. Sannan ta ɗebi jinin Toka da fitsarinta, ta auna, ta dawo ta ce Inna ta yi gaskiya. Ta bayyana mata cewa ƙurajen nan ba su ne ciwon ba, rassa ne. Muddin suga na sama, yau a kashe wannan gobe wani ya fito. Ta kafa mata doka: allura safe da yamma bayan an ci abinci, ɗigo kaɗan da sirinji na musamman, kada a kuskura a yi awon da ake yi wa Malam. Jinin gwaji a gefen kunne ake ɗiba. Ba tuwo, ba koko, ba fura, sai kifi da ƙwai da nama. In ta ga jikin magen ya saki tana layi, ta shafa mata zuma a dasashi ta kira ta a waya.

Uwaliya ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Yarinya, karatun nan na yi shi shekara shida. Majinyacin ne kawai ya canja.”

Ta dawo ta kama aiki yadda ta saba. Kwalba ta koma gindin randa. Ta shirya da mai kifi a kasuwa yana tara mata kawuna, kajinta kuma suka shiga aikin ƙwai. Toka ta yi yaƙushi kwana uku, a na huɗu ta haƙura, har in ta ga sirinji sai ta miƙa wuya. Duk sati biyu sai a ga Uwaliya da kwandonta a tasha, direbobi suna tambayar jikin mai gadi.

Amma lambar sugan ta ƙi sauka. Wata biyu ana abu ɗaya. Ranar da aka wayi gari Toka na tsugunawa tana kuka, fitsari na fita da jini, Uwaliya ta bar tunkuza a turmi ta kama hanyar Kano. Dakta Linda ta ba da maganin ciwon mafitsara, sannan ta ja kujera kusa.

“Inna, ba zan ɓoye miki ba. In aka ci gaba a haka ƙodarta za ta lalace, daga nan kuma ba ni da abin yi. Akwai abin da take ci wanda ba ki sani ba.”

Maganar ta yi wa Uwaliya zafi. Ita za a ce ta yi sakaci? Haka ta dawo gida. Ta gwada kulle magen a ɗaki, amma mage ba akuya ba ce da za a ɗaure a turke. Ana buɗe ƙofa don alwalar asuba take sulalewa ta haye katanga, ba ta dawowa sai hantsi.

Kwana biyu bayan haka, Toka ta diro daga katanga tana lasar baki. Uwaliya ta cafke ta. Ga wani farin abu ya bushe a gashin bakinta. Ta kai hanci ta shinshina: koko ne, da kanumfari da masoro har suna hawa kai. Shekara talatin da biyar a unguwa ɗaya, ta san kokon kowane gida kamar yadda ta san muryar matan. Mutum ɗaya ce ke zuba kanumfari haka, kuma ita ce ke zuba suga sai ludayi ya yi nauyi.

Ta zauna a kan turmi. Da wata ce can, da tuni ta aika an gaya mata. Amma Hajiya Furera ce. Tsohuwar kunyar nan ta taso mata, har ta fara lissafin yadda za ta toshe katanga da ƙaya ba tare da ta ce komai ba. Sai idonta ya faɗa kan keken ɗinkin Malam a lulluɓe a rumfa. Ta miƙe ta yafa mayafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta tarar da Hajiya a tabarma, ga wani ɗan kwanon sha a gefen rijiya an lashe shi tas. Suka gaisa yadda ya kamata, Hajiya na tsokanarta wai matar Yaya ta zama 'yar birni, kullum a mota. Uwaliya ta tambayi kwanon. Hajiya ta ce ai na Toka ne. Tun ranar sadakar arba'in ta ɗaukar wa kanta, kullum da safe sai ta zuba wa magen koko, Allah Ya kai ladan kabarin Yaya, tun da shi ya raine ta. Shekara huɗu ba ta taɓa fashi ba. Da ta ga dabbar na ramewa ma sai ta ƙara suga don ta ji ƙarfi.

Wallahi sai da Uwaliya ta ji tausayinta. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

“Hajiya, ki daina. Kokon nan ke kashe ta. Ciwon Malam gare ta.”

Hajiya ta yi dariya ta ce yau ga sabon salo, har sadaka za a hana mutum yi wa ɗan'uwansa? Kurɓi nawa mage ke sha?

“Haka kika riƙa cewa a kan furar Malam,” in ji Uwaliya. “Ajali na Allah ne, ban ɗora miki ba. Ni nake ɗora wa kaina, don na san illar, ina kallo na yi shiru saboda kunyarki. Shekara huɗu abin na cina. Ba zan sake yin shiru ba, ko da a kan mage ne. In sadaka ce, ki dafa mata ƙwai, ladan ɗaya ne.”

Hajiya ta juya mata baya. Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Uwaliya ta ɗauki ɗan kwanon ta kife shi, ta fito ƙirjinta sakayau.

Sati uku Hajiya ba ta leƙo ba, ko gaisuwa ta kan katanga babu. Unguwa ta ɗauka, wasu na cewa Uwaliya ta zaɓi mage a kan dangin miji. Ta ji, ta ci gaba da tuyarta. Lambar kuwa ta fara gangarowa. Fitsari ya washe, dasashi ya saɓe, kiyashi ya watse. Dakta Linda ta rage allurar a waya, tana murna kamar magenta ce. Ranar da Toka ta ajiye wani ƙaton ɓera a bakin ƙofa, Uwaliya ta yi hamdala a fili.

Ran wata Juma'a da hantsi, tana riƙe da kunnen magen za ta ɗebi jini, aka yi sallama. Hajiya Furera ce, da ɗan kwanon nan, ƙwai biyu a ciki an ɓare. Ta ajiye a gaban Toka, ta zauna a bakin tabarma tana kallon yadda ake gwajin. Sai a lokacin Uwaliya ta lura zoben Hajiya na yawo a yatsa, wuyanta ya zurma.

“Matar Yaya,” in ji Hajiya, murya ƙasa-ƙasa, “kiyashin nan da kika ce kin gani. Ni ma wata uku ke nan ina ganinsa a bayina. Ban gaya wa kowa ba.”

Ta miƙo hannu. Uwaliya ta saki magen, ta wanke hannu, ta sa sabuwar allura a abin huda, ta kama yatsan da kyau yadda ta riƙa kama na Malam. Na'urar ta nuna lambarta. Uwaliya ta duba, ta ɗaga kai ta dubi Hajiya ido cikin ido.

“Gobe da sassafe za mu asibiti. Kokon safe kuma an gama da shi daga yau.”

Hajiya ta buɗe baki kamar za ta yi gardama, sai ta share ido da gefen mayafi ta tambaya ƙarfe nawa za ta shirya.