Miyar Kukar Inna

Abin da na fi ci a duniya ful ne, dafaffen waken Larabawa. Shekara talatin ina cinsa a tsaye a kasuwar Suk al-Shabi, da man riɗi da albasa da burodi biyu, kafin in hau mota zuwa Jabal Awliya sarin kifi. Ranar da babu, sai bosh, ruwan waken da aka jiƙa gutsattsarin burodi a ciki, mu huɗu ko biyar a kan kwano ɗaya. Ban raina ful ba, shi ya riƙe ni. Amma ban taɓa mafarkinsa ba. In na yi mafarkin abinci, miyar kukar Inna nake gani.

A Jazira aka haifi Inna, iyayenta Hausawa ne da suka zo cirar auduga cikin Larabawa. Miyarta ba wani abu ne mai yawa a ciki ba: garin kuka, daddawa, busasshen kifi, barkono. Sai ta kafa maburgi tsakanin tafukanta tana kaɗawa har miyar ta yi santsi, babu gudaji ko ɗaya. Ta zuba a kan tuwon dawa, wanda maƙwabta ke kira asida. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai, zo ka ci tun da zafi." Sai in zo.

Ni na hana a yi miyar nan a gidana. Gara in faɗa tun yanzu.

Bayan na yi aure na koma Alsawra da matata da Inna, a wata hara, wato unguwa, da babu namu Hausawa ko ɗaya. Wata rana Inna ta jefa daddawa a tukunya, sai matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan katanga ta ce da Larabci, "Hajja, ɓera ne ya mutu muku?" Aka kwashe da dariya a can ɓangaren. Irin wannan dariyar tun ina yaro nake jin ta, a layin burodi, a mota, a ko'ina aka ji harshena ya karkace. Na gaji da ita. Da yamma na ce, "Inna, a bar daddawar nan. Yanzu cikin mutane muke."

Ta dube ni ta ce, "Da can cikin awaki muke?"

Ta tashi ta ɗauko daddawar. Ta ɗaure gwangwaninta da tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Kuka ba daddawa kuwa ta ce ruwan wanki ne, ba za ta dafa ba. Muka koma kisra da mulah, wainar dawa da miyar Larabawa, kamar kowa.

Ban tsaya nan ba. Da aka haifi 'yata na ce kada wanda ya yi mata Hausa, kada harshenta ya tona ta a makaranta. Yarinya ta tashi da Larabci tsantsa, har ta gama jami'a. Hausarta ba ta wuce abin da ta tsinta a bayan Inna tana goye ba: zo, tafi, ruwa, daina kuka. Inna takan kira ta Balarabiyar gidan nan, su yi ta tsokanar juna. Ni kuma ina jin daɗi, ina ganin na yi dabara.

Yaƙin nan a Jabal Awliya ya same ni, na je sari hanya ta rufe a bayana. Matata ta riga ta rasu shekara biyu kafin nan, saboda haka gida daga Inna sai 'yata. Ina can ina kwana a rumfar wani masunci, kifi safe kifi rana, har na tsani warinsa a hannuna. Ana cikin haka Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Da ta farfaɗo, Larabcin da ta yi shekara saba'in tana ciniki da shi ya tafi gaba ɗaya. Hausa kaɗai ta rage mata a baki.

Waya ba ta shiga a harar. Sai 'yata ta taka zuwa shagon wani mai na'urar intanet, sau ɗaya a mako, ta kira ni minti biyu ko uku. Inna ba ta iya zuwa, ban ji muryarta ba ko sau ɗaya. Abincinsu daga takiya yake, babbar tukunyar da 'yan unguwa suka kafa a bakin masallaci, kullum adas, faten ƙananan waken nan, wani lokaci da shinkafa. 'Yata ta bi layi ta karɓo, Inna ta juya fuska bango.

"Yaba, Habboba ba ta cin komai," in ji ta, da sunayen da take kiran ni da Inna da Larabci. "Na tambaye ta da hannu me take so, ta ce tana so ta yi kuka."

Da Larabci ta faɗa min, da kalmar Larabci, dayra tabki. Kalmar da ta fito daga bakin Inna ba ta iso kunnena ba. Na ce, "Ƙyale ta ta yi. Wa ba ya so ya yi kuka a ƙasar nan? Ki lallaɓa ta ta sha ko ruwan adas ɗin." Mako na gaba haka, na bayansa haka. Mako biyar ina ba yarinya haƙuri, ina jin kaina mai hankali.

Da na samu hanya, tafiyar da nake yi cikin awa biyu ta ci min kwana huɗu. Na shiga ɗakin da rana tsaka. Abin da na gani a kan gadon bai fi ɗaurin itace ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne."

Ta daɗe tana kallona. Bakin ya karkace amma maganar ta fito.

"Ka ga dama ka zo? Balarabiyar nan taka za ta kashe ni da adas. Wata guda ina ce mata kuka, kuka, sai ta zo ta rungume ni tana shafa min kai."

Ban san yadda zan rubuta bambancin ba, karatuna bai kai nan ba. A takarda kalma ɗaya ce. A baki kuwa, ta hawaye murya a sama take tsayawa, ta miya kuma sai ta sauka a ƙarshe. Duk yaron da aka yi wa Hausa a gida yana jin wannan ba tare da an koya masa ba. Inna tana saukar da muryarta sarai, da rabin baki ma. Kunnen da zai ji ne babu, kuma ni na toshe shi.

'Yata tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon adas. Ta ce, "Me ta ce, Yaba?" Na ce gaisuwa ce. Na fita.

Hara uku na taka ina tambayar inda namu suke, ni da na fi shekara ashirin ina kauce musu. Aka nuna min gidan wata tsohuwa mai sayar da godogodo, kunun nan na gero. Na yi sallama da Hausa, ta tambayi ɗan wace ce ni, na faɗa. Ta ce, "Au, kai ne wanda ya ɗauke ta ya kai ta cikin Larabawa." Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, garin kuka a gindinsa bai fi tafi biyu ba, ya fara koɗewa, da gutsuren daddawa kamar kan yatsa. Ta ce, "Ka gaishe ta. Ka ce muna nan, ba mu ƙare ba."

Ni na dafa, a kan gawayi. Ban taɓa yi ba, kallo kawai na sha yi. Babu maburgi a gidan, da cokali na kaɗa. 'Yata ta tuƙa asida da ɗan garin da ya rage. Tun kafin in shiga da kwanon na ga hancin Inna yana motsi. Na tashe ta na jingina ta a ƙirjina, na gutsuro loma ƙarama na dangwala na sa mata. Ta riƙe ta a baki, ta daɗe, sannan ta haɗiye.

"Duk gudaji," ta ce. "Hannunka na kifi ne. Ƙaro."

Ta biyu ta wuce. Ta uku ta dawo, ta biyo gefen baki. Maƙogwaron ya riga ya rufe. Washegari na tsinka miyar na ba ta da cokali, ta sha uku. Rana ta gaba, ɗaya. Kwana shida da zuwana ta cika, bayan azahar.

Ba na cewa miya ce za ta tashe ta, kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne, mako biyar kafin nan tana iya haɗiya, kuma gidan tsohuwar nan bai fi tafiyar rabin awa daga ƙofarmu ba.

Bayan sadakar uku 'yata tana wanke tukwane, ta ɗaga gwangwanin madarar ta leƙa ciki. Ta ce, "Yaba, koren garin nan da Habboba ta yarda ta ci, me ake ce masa?"

Na ce ganyen tabaldi ne, na ba ta sunan bishiyar da Larabci.

"Na sani. Da Hausa nake nufi."

Na ce na manta.

Har yau in an zauna ana labarin waɗanda aka rasa, takan ce kakarta baƙin cikin ƙasa ne ya kashe ta, wata guda tana neman ta yi kuka hawaye sun ƙi zuwa. Mutane su girgiza kai su yi addu'a. Ni ma in ɗaga hannu in shafa tare da su.