Na'urar da Ta Koyi Katse Magana

Nazeefa ta tashi a Mpape, a gidan da ba a katse wa babba magana. Mahaifinta, Malam Yamusa, ya yi shekara talatin yana fasa dutse, har ƙura ta cinye masa huhu. Ko ruwa yake so, sai ya jira a dube shi.

Ita kuwa a Idu take aiki, a wani ƙaramin kamfani mai haɗa na'urar da ke ba maras lafiya iskar numfashi. Irinta ce a gefen gadon mahaifinta. Na'urar tana da hali irin nasa. Ƙwaƙwalwarta kan zagaya sassa ɗaya bayan ɗaya tana tambayar lafiya, kuma ba sashen da ke magana sai layi ya zo kansa.

Wata Asabar da hantsi, bututun na'urar ya zame daga hancin tsohon. Nazeefa tana tsakar gida tana wanki. Bai kira ta ba, na'urar ma ba ta yi ƙara ba sai da ta gama zagayenta. Ta tarar da leɓensa ya yi baƙi.

"Baba, me ya hana ka kira ni?"

"Na ga kina aiki."

Ran Litinin ta sami shugaban kamfaninsu, Godfrey. Ta ce a cikin na'urar akwai wani ɗan guntu da aka yi don tsaron ƙofa: duk sashen da ke cikin gaggawa ya ƙwanƙwasa, shi kuma ya tsayar da komai. Ba wanda ya taɓa koya wa manhajar sauraronsa.

"Oga, ka ba ni lokaci, wata guda."

Ya amince. Ta rubuta sabuwar manhaja, ta gwada. Mai tsaron ƙofar ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, bai ƙara ba. Kwana tara tana neman dalili, kullum tana barin tsohon da tsohuwar na'ura da wata maƙwabciya. A na goma ta gane: ba ta rubuta layin umarnin da ke amsa masa ba. Wanda ya yi sallama aka yi shiru, ai ba ya sakewa.

Da ta kai sabuwar na'urar gida, Malam Yamusa ya juya a kan gado, bututun ya goce. Nan take na'urar ta kwarma ihu. Nazeefa ta sheƙo da gudu ta mayar masa.

Ya daɗe yana jan iska kafin ya harari na'urar.

"Wannan ba ta da tarbiyya."

"Ni na koya mata, Baba."

Ya lumshe ido, ƙirjinsa yana tashi yana sauka.

"To, bar ta ta yi ta rashin kunyarta."