Kamfanonin da Ba Su San Ta Rasu Ba

Ina da cikin 'yata ta fari ƙanwar mijina ta sa mini wata manhaja a waya, wai tana ƙirga wa mace makonnin ciki. Duk abin da suka tambaya na ba su: ranar da na haihu, sunan jaririyar, nauyinta, har hotonta na ranar suna. Ina kan keken ɗinki a shagona na Kwararafa, in sun tambaya ko ta fara rarrafe sai in danna eh, ina murna kamar da 'yar'uwa nake hira.

Tana da shekara ɗaya da wata bakwai zazzaɓi ya ɗauke ta. Kwana uku kawai ta yi a kwance.

Masu ta'aziyya suka watse, wayar ce ba ta daina ba. Bayan sadakar arba'in saƙo ya shigo da sunanta, wai ƙafarta ta girma, lokacin sabon takalmi ya yi. A ranar na goge manhajar. Sai ga wasu kamfanonin da ban taɓa jin sunansu ba, masu madara, masu kayan wasa, duk sun san ta, sun san watan haihuwarta.

Na kai wa maƙwabciyata, wata 'yar Vom mai aikin gwamnati, don ta fi ni Turanci. Ta daɗe tana duba wayar. Ta ce, "Maman..." sai ta yi shiru, ta gyara. "'Yar'uwa, sun riga sun sayar wa wasu kamfanoni bayanan da kika ba su. Ba wuri ɗaya yake ba yanzu."

Na ce, "To a gaya musu ta rasu mana."

Ta rubuta musu. Na'ura ce ta amsa, tana mana godiya da muka tuntuɓe su.

Da mijina ya dawo daga mayanka ya tarar ina kuka, ya ce in canza layi. Na canza. Bara kuma suka biyo ni ta imel da tallan jakar makaranta, wai ta isa shiga aji. Na zauna na ƙirga da yatsu. Gaskiyarsu, da tana nan da ta isa. Wannan saƙon ban goge shi ba, ni ma ban san dalili ba.

Yanzu ina goyon ɗa namiji. Ko a asibiti aka miƙo mini takarda, sai na tambayi wa zai gani kafin in rubuta. Ma'aikatan suna ganin fitina ce da ni.