Garin Taurar Kakata

Ranar Lahadin da ta biyo bayan babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, na ga kakata Hajiya Baraka ta dawo daga kasuwar Agoè-Assiyéyé da kwanonta cike kamar yadda ta fita da shi. Ta ajiye shi a bakin murhu, ta zauna a kan turmi, ba ta ko cire mayafi ba. A ranar na fara sanin ƙiyayya.

Sana'arta garin taura ce, wanda mata ke zubawa a miya ta yi kauri da yauƙi. Daga Arewa ake kawo mata ƙwallon a buhu. In na dawo daga makaranta, ni ke fasa shi da dutse a gindin mangwaron tsakar gida, ƙawayena na can suna 'yar gala-gala ina jiyo su. Ita kuma sai ta jiƙa ƙwayar a ruwan ɗumi, ta ɓare, ta shanya a inuwa kwana uku, sannan a daka. "Ruwan da yatsa zai iya jurewa," haka take cewa, "in ya tafasa, yauƙin ya bi ruwa." Masu gidan abinci daga unguwar Tokoin har gida suke biyo ta.

Maƙwabciyarmu Tanti Larai ce ta ɓata komai. Ta bi kasuwa tana raɗa wa mata cewa Hajiya na cakuɗa garinta da sitacin rogo. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta kama. Matar da ta shekara talatin ba a taɓa samun tsakuwa a garinta ba, sai ga ta ana nuna ta da baki. Ta daina fita, ta rame. Ni kuwa kullum na wuce ƙofar Tanti Larai sai na tofa yawu.

Ba a yi wata biyu ba sai Tanti Larai ta sayi nata buhun taurar. Wata rana ta kira ni, ta danƙa mini biredi da madara, tana murmushi. "Zuwaira 'yata, yaya kakarki take yi ne?" Na ci biredin tas. Sannan na ce mata a tafasa ƙwayar sosai da kanwa, a zubar da ruwan, a shanya kan kwanon rufi rana ta gasa. Na faɗa da fuskar salihai, har na maimaita mata don kada ta manta.

A bikin 'yar limamin unguwa aka ba ta aikin farko na kawo garin miya. Tukwane huɗu na miya, duk suka fito tsululu, baƙi ƙirin, da ɗaci. Ina tsaye kusa da masu rabon tuwo na ga mata suna ɗaga ludayi miyar na zuba kamar ruwan wanke kwano. Uwar amarya ta tsine mata a gaban kowa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan yi ƙaryar nadama ba. Da labari ya iso gida cewa ni na koya wa Tanti Larai, Hajiya ta murɗe mini kunne. "Ban aike ki ba," ta ce. Amma da aka sauke abinci, tsoka mafi girma a kwanona ta faɗa.

Wasu masu sayen sun dawo, da yawa ba su dawo ba, kuma Hajiya ba ta sake zama a kasuwa ba har ta rasu. Yanzu garin na zuwa a leda, ba wanda ya san hannun da ya daka shi. An sare mangwaron, an yi shago a wurin. Bara na haɗu da Tanti Larai a wani suna a unguwar Agbalépédo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta kama hannuna ta tambaye ni yadda ake yin garin na gaskiya, wai abin ya daɗe yana damunta. Na tuna kwanon nan cike a bakin murhu. Na gaishe ta da kyau, na zare hannuna. Abin Hajiya ne, kuma ita ba ta ba ta ba.