Wutar da Inbata ta Ƙi Karɓa

A gidanmu na Dutse Uku akwai wani jan ƙwai na lantarki a saman ƙofar falo, an haɗa shi kai tsaye da wutar layi. Idan ya kama, an kawo wuta ke nan, kowa ya ruga ya yi guga, ya jona butar shayi. Idan ya mutu, ko waya ba a sa wa caji. Dokar Inna ce, kuma ba a yi mata gardama, domin abin da ke cikin batir na Baba ne.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a ramukan kuza na Bukuru, da tsufa ya zo ƙirjinsa ya ƙi. Likita ya ce sai da injin iskar numfashi, dare da rana. Yayana ya sayar da janaretonmu, ya cika kuɗi ya sayo inbata, mai ba gida wuta daga batir, da batura biyu. Muka kai su ɗakin ajiya bayan kicin, saboda gurnanin fankarta na hana Baba barci.

A wata damina tiransifomar unguwa ta fara ciwonta. Wuta ta yi kwanaki tana leƙe tana komawa, wanki ya taru, kowa ya ƙosa. Ranar wata Alhamis da hantsi ƙwan ya kama. Bai kama sosai ba, ja-ja kawai kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Amma mutumin Jos ya saba da rabin wuta, ba ma raina ta. Inna ta ce, "Ke, maza ɗauko dutsen guga kafin su ɗauke abarsu."

Baba ya janye robar hancinsa ya ce, "A fara da babbar rigata. Gobe ko a ƙofar gida zan zauna in ga masu tafiya masallaci."

Na ce, "Baba, wa za ka burge?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na yi mamakin yadda dutsen ya yi zafi rau a irin wannan wuta, har na yaba wa masu wutar, abin da ban taɓa yi ba. Ashe ba wutarsu ba ce. Inbata ba ta karɓar wuta mai rauni. Idan ƙarfin ya yi ƙasa sai ta rufe mata ƙofa, ta ci gaba da ba gida daga batir, batirin kuma ba ya samun caji. Ba wanda ya taɓa gaya mana haka. Duk gugar da na yi, da ruwan wankan da Inna ta dafa, daga numfashin Baba muke ɗiba.

Bayan la'asar ruwa ya tsuge da ƙanƙara a kan kwano. Inbata ta yi ta kukan gargaɗi a ɗakin ajiya, ba mu ji ba. Sai fitilun falo suka mutu, injin Baba ya yi shiru, ga jan ƙwai yana nan a kunne. Na zare injin na kai shi soket ɗin kicin da ke kan layi kai tsaye. Ya yi gurnani, ya kasa tashi. Maƙwabcinmu na da janareto, babu mai a ciki. Leɓen Baba ya fara canza launi, yana kallona, ni kuma ba ni da abin da zan ba shi. Kafin a sami keke mai ƙafa uku a cikin ruwan nan ya daina amsa kira. Ya yi kwana kaɗan a asibiti, bai dawo gida ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta sa aka kira mai gyara. Na san abin da take so. So take a ce mata na'urar jabu ce, ta sami wanda za ta kai ƙara wurin Allah. Ni ma haka nake so, har yau kuwa. Mutumin ya gwada nan, ya gwada can, ya goge hannu a wando.

"Hajiya, lafiyarta ƙalau. Da ta karɓi wutar nan, da ta ƙone muku kaya. Aikinta ta yi."

Inna ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"To ni yanzu wa zan riƙe?"

Ni ce na riƙe dutsen gugar, ita ce ta aike ni. Ba wadda ta iya ɗaga ido ta dubi 'yar'uwarta.