Tukunyar da Auta Ya Ƙi Rabawa

Tela ne mutum na farko da na ga ya kayar da Auta a bainar jama'a, kuma ko daga kan kekensa bai tashi ba. Auta ƙanin mijina ne, ni na goya shi tun ina amarya, shi ya sa nake faɗin abin da na ga dama a kansa. Ya kai ɗinki wata uku ba a yi ba, sai ya ɗauke ni rakiya, wai yau zai nuna wa tela cewa shi ba abin wasa ba ne. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Malam, wata uku fa. Riga ce ko ginin bene?"

Tela ya jawo yadin daga ƙarƙashin tebur ya shimfiɗa, duk jikinsa zanen alli.

"Wannan layin na ranar da ka ce wuya zagaye ne. Wannan na ranar da ka dawo ka ce matarka ta fi son mai kwala. Dogon hannun nan na maƙwabcinka ne, gajeren na surukarka. Allina ya ƙare a kanka, har yau ban ga naka layin ba. Faɗa mini yanzu in sa almakashi."

Auta ya dubi yadin, ya juyo ya dube ni. "Yaya, ke me kika gani?"

Masu jiran ɗinki suka dinga dariya har da riƙe ciki. Tela ya naɗe yadin ya ɗora masa a kafaɗa, ya ce ya riƙa yafawa haka, ya fi masa kwanciyar hankali. Daga ranar sunan Bari-in-tambaya ya bi shi har wurin aiki.

Ba haka aka haife shi ba. Yana yaro har rawar kai gare shi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya sami aiki a gidan burodi, wata rana mai gidan ya fita, Auta ya ga kamar burodi ya yi, ya fitar da shi da kansa. Ciki ɗanye ne. Mai gidan ya dawo ya mare shi a gaban ma'aikata da masu saye, ya jefo masa takalmansa waje. Ya shigo gida da shatin yatsu a kumatu, ya kwana uku bai yi magana ba. Shatin ya ɓace cikin mako guda, amma hannunsa bai sake taɓa wani abu ba sai an ce masa taɓa.

Ni na samo masa aiki a kicin ɗin makarantar kwana inda nake yankan albasa da wanke tukwane. Shekara goma sha huɗu ya yi yana mataimakin babban kuku. Gaskiya ɗaya ce, a kicin ɗin nan babu mai hannunsa. Yakan kalli tururin tukunya ya san ko shinkafa ta tsotse. Amma sai ya ɗebi gishiri daidai, ya tsaya da shi a tafin hannu, ya ce, "Baba, in zuba?" Baba Kuku, tsohon da ke shugabantar mu, ba ya ko ɗaga kai, yakan ce, "Zuba, Allah ya shirye ka."

Akwai doka ɗaya a kicin ɗin. Kafin a raba abinci, wanda ke riƙe da kicin zai ɗanɗana kowace tukunya, sannan ya fita ya buga ƙararrawa da hannunsa. Ƙarfe ne da aka rataye a jikin bishiya, da zarar ya yi ƙara yara ɗari huɗu za su kwararo da kwanoninsu. Wanda ya buga, shi ya ce abincin lafiya lau yake. Auta bai taɓa bugawa ba. Ko Baba Kuku ya shiga banɗaki, sai ya tsaya a ƙofar yana jiran ya fito.

Sau biyu ana neman babban kuku a wasu makarantu, aka tsallake shi aka ɗauki waɗanda shi ya koya musu riƙon wuƙa. Da Baba Kuku ya ce zai ajiye aiki ƙarshen zango, Shugabar makaranta ta kira Auta, ina tsaye ina goge mata tire.

"Kujerar nan taka ce in ka iya zama a kanta," in ji ta. "Amma ba zan ba da kicin ga mutumin da zai buga mini waya ina cikin taro ya tambaye ni barkono ba. In ban ga wani canji ba, daga waje zan kawo."

Babban kuku ake ba gida mai ɗaki biyu a bayan kicin. Auta da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya suke, babbar 'yarsa ta fara girma, a bayan labule take sa kaya. Matarsa ta riga ta auna tagogin gidan nan da ido. Na ce masa, "Mijina ƙarami, in ka bari wannan ta wuce ka, ni da matarka duka yaji za mu yi." Ya yi 'yar dariyar yaƙe.

Ranar Litinin ɗin da yara ke rubuta jarrabawar ƙarshe aka yi musu alkawarin nama. Rabin saniya aka kawo tun Juma'a aka sa a firiza. A ranar ne aka shiga da Baba Kuku aikin ido, Shugaba kuma ta tafi taro wani gari. Kicin ya faɗo hannun Auta ba tare da kowa ya shirya hakan ba.

Da safe muka je sito ɗauko nama. Mai-sito, wani gajere mai yawan tsaki, ya buɗe firiza da sauri kamar mai son mu ɗauka mu tafi. Naman da sanyinsa. Amma Auta ya leƙa ƙasan firizar ya daɗe bai ɗago ba. Jini ne ya taru a can ya daskare, faffaɗa kamar faranti. Naman da ya tsaya a daskare tun Juma'a ba ya zubar da jini haka. Ya narke ne, aka sake daskarar da shi.

"Firizar nan ta tsaya ne?" Auta ya tambaya a hankali.

"Ɗan lokaci kaɗan," in ji Mai-sito. "Na gyara. Kai dai ɗauki ka dafa, ka cika masa yaji da tafarnuwa. Yaushe ka fara bincike?"

Kaɗan ɗin nan awa biyu ne ko kwana biyu, bai faɗa ba. Da yake an ce masa dafa, Auta ya dafa.

Wajen sha biyu da rabi miya ta tafasa a babbar tukunya, wadda mutum uku ke kamawa. Ƙamshin yaji ya cika kicin. Na ga Auta ya buɗe murfi ya sa hanci, ya rufe, ya zagaya, ya dawo ya sake buɗewa. Gumi ya jiƙe bayan rigarsa. Ya ciro waya ya kira Baba Kuku, matarsa ta ɗauka ta ce yanzu aka shiga da shi. Ya kira Shugaba sau biyar, a kashe. Ya ruga ofishin mataimakinta, wannan ya ce shi lissafi yake koyarwa, kuma mura yake yi.

Ya dawo ya tsaya a kaina. "Yaya, zo ki shinshina mini."

Na shinshina. Shekara ashirin da shida na albasa sun kashe mini hanci, ko mushe aka ajiye a gabana sai na gani da ido. Na gaya masa haka, kuma ba tsokana nake ba. Ina budurwa na yi aiki a wani kicin da aka raba irin wannan abinci. Na ga yara kwance a baranda jere, ana ɗaura musu ruwa a jikin taga saboda gadaje sun ƙare, na ga wata uwa tana bin layin tana ɗaga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ba Auta labarin ba, ranar ma ban ba shi ba, don in na faɗa, ni ce na yanke masa hukunci, gobe kuma ya sake zuwa tambayata.

Ya ɗebi tsoka ɗaya a ludayi ya sa a baki. Ya tauna a hankali, idonsa a rufe, sannan ya tofar a hannu.

"Akwai wani abu can ƙasan yajin," ya ce. "Ko kuma babu. Yaya, wallahi ban tabbata ba. In na zubar da rabin saniya alhali lafiyarta ƙalau, na gama aiki a nan. In na raba kuma..."

Bai ƙarasa ba. Ta taga muna hango yara sun fara fitowa daga ɗakin jarrabawa, suna jefa takardu sama, wasu har sun ɗauko kwanoni. Ƙananan 'yan aji ɗaya ne a gaba, kullum su ke fara layi. Mai-sito ya leƙo ya ce, "Ƙarfe ɗaya ta yi, malam. Ga ƙarfen bugawa can, ko shi ma sai an tambayo maka?"

Auta ya tsaya tsakanin tukunya da ƙofa, ludayin a hannunsa. Sai ya miƙa hannu ya kashe wutar. Ya kira mutum biyu suka sauke tukunyar, suka ja ta lungu. Ya rufe ta, ya ɗaure murfin da igiya, ya ɗora turmi a kai.

"Ba za a raba ba," ya ce. Muryar ta fito siririya, har sai da ya maimaita. "Ba za a raba ba. Yaya, albasa. Ku kawo tumatir duk abin da ya rage."

Ban taɓa yankan albasa da sauri irin na ranar ba. A waje yara suka fara buga cokula a kwano, ɗari huɗu a tare, har kwanon rufin kicin na amsawa. Malamin da ke kula da cin abinci ya shigo sau uku yana faɗa, Auta bai ce masa komai ba sai "Saura kaɗan." Duk motar da ta yi ƙara a bakin ƙofar makaranta sai ya zabura ya waiga. Sau biyu ya nufi lungun nan ya tsaya yana kallon turmin, na ce a raina shi ke nan, zai kwance. Bai kwance ba.

Uku saura kwata ya ɗanɗana sabuwar miya, ya fita, ya buga ƙararrawa. Bugun farko ma kuskure ya yi, ya sami bishiya. Sannan ya shiga ɗakin cin abinci ya tsaya a gaban yara ya ce, "Yau babu nama. Ni na hana." Suka yi masa ihu, wani ya jefo murfin kwano. Ya tsaya har aka gama rabo, ya zagaya bayan kicin ya yi ta amai. Ko tsokar da ya tauna ce, ko tsoro ne, har yau ba mu sani ba.

Bayan la'asar motar Shugaba ta shigo. Mai-sito ya riga kowa isa wurinta, don haka ko ofis ba ta shiga ba, kicin ta yo da jakarta a hannu. Auta ya miƙe tsaye.

"Wa ya ce ka hana yara nama?"

"Babu kowa, ranki ya daɗe."

"Wa ka tambaya?"

"Na nemi kowa ban samu ba."

"Ka tabbata ya lalace?"

"Ban tabbata ba."

Mai-sito ya samu abin da yake so. Ya dinga zuba: nama lafiyayye, firiza ta ɗan yi tari ne kawai, shekara nawa yana ajiye nama ba a taɓa kuka da shi ba, mutumin da ba ya iya zuba gishiri sai da izini yau shi ne likitan nama, ga yara an bar su da yunwa ranar jarrabawa, iyaye za su ji. Shugaba tana saurare, tana kallon Auta, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ni kuwa na riƙe bakin tebur, ina karanto duk addu'ar da na iya.

Abin da Auta ya yi daga nan shi ya sa yau shekara uku mabuɗin kicin ke rataye a ƙugunsa, 'yarsa kuma ke da ɗaki mai ƙofa. Ya je lungu ya sauke turmin, ya kwance igiya, ya cika kwano da nama har da romo. Ya kai kwanon har gaban Mai-sito, ya soka cokali a ciki.

"Ni ban tabbata ba, kai ka tabbata. 'Yarka tana aji biyu a makarantar nan. A kira ta, ka ba ta da hannunka. In ta cinye, da daddare sai in ɗumama wa 'ya'yan mutane sauran."